Famfas ɗin manya da zafin bazara a Gombe: me za mu yi wa Baba?

Ɗan mai jinya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya riƙe fitsari, dole sai da famfas ɗin manya. Tun da watan Maris ya kama, ƙuraje suka feso masa a cinya da matsematsi, kullum cikin susa yake. Ɗakin rufin kwano ne, wuta kuma sai an ga dama a kawo. Sau uku muke canja masa a rana. Masana a taimaka.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Sau uku ya yi kaɗan a wannan lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gombe kan kai digiri 40, kuma ba fitsari kaɗai ke jiƙa fata ba, har da zufa. Famfas yana shanye fitsari, amma zufar da ta taru a matsematsi tana nan zaune. Fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, da an ɗan goge ta sai ta saɓule.

Da rana a duba shi duk bayan awa 3 zuwa 4. Mafi sauƙi ku bi lokutan salla, ku ƙara da hantsi da tsakar dare. In bayan gida ne, a cire nan take, domin haɗuwarsa da fitsari ita ta fi cin fata.

In za a canja, a wanke da ruwa mai tsabta daga gaba zuwa baya. Ban da soso, ban da sabulun soda, kada kuma a zuba Dettol a ruwan. A tsane jiki da tawul mai laushi ta hanyar dannawa a hankali, a buɗa kowane lungu ya bushe. Sai a bar shi minti 20 zuwa 30 babu famfas, a kan shimfiɗa, an lulluɓe shi da zani mara nauyi don sutura. Mutane da yawa suna tsallake wannan shan iskar, alhali tana da amfani sosai.

Ledar katifa kuma kada ta taɓa jikinsa, a shimfiɗa zanin auduga a kai. Tun da ba ya iya juyi da kansa, a riƙa juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Kada ku jira ganin ja: a baƙar fata wurin duhu yake ƙarawa, ya yi sheƙi, ya fi sauran jiki ɗumi.

Mai kemis, Pantami:
Malam, ka taɓa bayan famfas ɗin da kuke saye. In santsin leda ka ji, shi ne ke riƙe zafi. Ka nemi wanda bayansa yake kamar yadi, iska tana ratsa shi. Ga wanda ke kwance, mai manne a gefe ya fi mai kama da wando sauƙin canjawa. Auna ƙugunsa da tef ka duba girman da aka rubuta a jikin ledar. Bayan an manne, yatsu biyu su iya shiga. In ya matse zai yanki cinya, in ya yi yawa zai yi yoyo. Kuma kada a haɗa biyu don a yi tattali, na cikin ba ya barin ruwa ya wuce, zafi kawai aka ninka.

Man shafawa, mai sinadarin zinc oxide, a shafa sama-sama. Basilin in an lafta shi yakan toshe famfas ɗin, fitsari ya dawo kan fata. Hoda ni ba na goyon bayanta, tana dunƙulewa da zufa a cikin lungu.

In ƙurajen sun cika matsematsi, da ƙanana warwatse a gefensu, ga ƙaiƙayi, galibi naman gwari ne, wato ƙwayar cutar fungus mai son danshi, musamman in akwai ciwon suga. Ga irin wannan, man clotrimazole ake shafawa sau biyu a rana, amma ma'aikacin lafiya ya fara gani. A guji man haɗi mai steroid, yana sa fata ta yi siriri.

Ɗan mai jinya, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To ruwan sha fa? Mun ɗan rage masa don famfas ya daɗe.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:
A'a, ɗan'uwa, ku daina. In ruwa ya yi ƙaranci fitsari yakan yi kauri da wari, ya fi ƙona fata, ya kuma jawo ciwon mafitsara. Tsoho ma bai cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsa ya bushe. Ku ba shi lita ɗaya da rabi zuwa 2 a rana, wato ledar fiya wata 3 zuwa 4, kaɗan-kaɗan, mafi yawa kafin Magariba, sai fa in likita ya ƙayyade masa saboda ƙoda ko zuciya. Shayi mai ƙarfi da lemon kwalba su za a rage. Da kun ga zazzaɓi, ruɗewa, jini a fitsari, ko fata ta buɗe tana ruwa, ku kai shi asibiti a ranar.