Kai ɗalibai gidan tarihi da gidan zoo da waya a hannu: yaya kuke tsara aikin?

Malamar ƙaramar sakandare, Kano

Assalamu alaikum malamai. Zango mai zuwa za mu kai 'yan aji biyu Gidan Makama da safe, mu wuce Gidan Zoo bayan azahar, sannan kowane rukuni ya kawo rahoto da hotuna. Yaran sun kai sittin, wayoyin da muke sa ran samu goma ne, na malamai da na wasu iyaye. Waɗanda suka saba irin wannan fita, don Allah ku ba mu haske kan yadda ake raba aikin, da abin da ya fi ɓata shi.

Malamin tarihi

Wa alaikumus salam, Malama. Waya goma ta wadatar. Abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne a saki yara da kyamara a ce su ɗauko duk abin da suka gani. Za su dawo da hoto ɗari uku, rabinsu fuskokinsu ne, sauran kuma babu wanda ya san sunan abin da ke ciki.

Ki raba su shida-shida, kowane rukuni ki ba shi abu uku kacal tun daga aji. Rukuni ɗaya kayan yaƙi: sulke, kwalkwali, lifidi. Wani ya ɗauki ginin kansa, yadda aka jera azara a rufi, kaurin bango, zanen jikin soro. Wani tsofaffin hotunan lokacin zuwan Turawa a 1903. Wani kuma tarihin gidan da alaƙarsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Kowane abu hoto uku ake yi masa, kuma a jere: na farko gaba ɗayansa, na biyu wani sashe nasa daga kusa, na uku rubutun bayanin da ke gefensa. Kullum bayanin ya zo na ƙarshe. Idan aka riƙe wannan, ko bayan wata guda aka buɗe wayar an san kowane rubutu na wane abu ne.

A cikin rukuni, ɗaya ke riƙe waya, biyu na rubutu a takarda, ɗaya na yi wa jagora tambaya, ɗaya na zana abin da fensir, na shida yana duba agogo yana rubuta lokacin da aka tsaya gaban kowane abu. Wannan lokacin shi za a gwada da wanda waya ta ajiye a jikin hoton idan an rikice. A sauya mai riƙe waya bayan kowane abu, in ba haka ba rigima za ta tashi.

Kuma ki je da kanki mako guda kafin ranar, da takardar makaranta. Ki tambayi kuɗin shiga na ɗalibai, ko ana neman izini daban don ɗaukar hoto, da yara nawa ɗaki ɗaya ke ɗauka. Ginin ƙasa ne mai zaure da soraye, mutum sittin ba za su shiga ɗaki guda su ji jagora ba.

Mai ɗaukar hoto

Malama, in da hali ki juya tsarin. Zoo da safe, Gidan Makama da rana. Da rana ta take, zaki da kura duk suna kwance can ƙuryar inuwa, ba abin da yara za su ɗauko sai raga da siminti. Tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya dabbobi sun fi motsi, hasken ma ya fi taushi. Cikin soron ƙasa kuwa da sanyinsa ko da azahar.

A cikin gidan tarihi matsala biyu ce, ƙarancin haske da gilashi. A kashe filasha tun daga mota. Tana dawowa daga gilashi ta zama farin tabo a tsakiyar hoton, kuma gidajen tarihi da yawa sun hana ta saboda tsofaffin tufafi da takardu. Idan abu na cikin akwatin gilashi, a matso da waya kusa sosai ba tare da an jingina ba, a ɗan karkata gefe har inuwar mai ɗauka ta fita, wani yaro ya tsaya ya tare hasken ƙofa. A wuri mai duhu kyamara na jinkirin rufe ido, shi ya sa hoto ke fitowa dishi-dishi. Maganinsa yaro ya manne gwiwar hannunsa a jikinsa, ya taɓa abin a fuskar waya don kyamara ta tsaya a kansa, ya sa ƙidayar daƙiƙa biyu ko uku don dannawa kada ta girgiza wayar. Kada a jawo hoto da yatsu biyu, a yawancin ƙananan wayoyi yanke hoton kawai yake yi, rubutu ya daina karantuwa. A taka a matsa.

A goge idon kyamara da gefen hijabi ko riga kafin a fara, maiƙon yatsa da ƙurar hunturu na ɓata hoto fiye da arhar waya. Hoton rubutun bayani kuma a buɗe shi nan take a gani ko yana karantuwa kafin a bar ɗakin.

A zoo kada yaro ya zura hannu da waya ta cikin raga ko ya tsallake shinge, musamman wajen birai da jimina.

Mai gyaran waya, Farm Centre

Ni ta ɓangaren na'ura zan yi magana. Daren ranar a yi caji ya cika, a tabbatar kowace waya na da fili aƙalla giga biyu. Hoto ɗaya a matsakaiciyar waya yana cin mega uku zuwa huɗu, ba shi ne matsala ba. Bidiyo ne ke cinye wuri, minti ɗaya mai kyau ya kan haura mega ɗari, ga shan batir, ga zafi. Murya kuwa kusan mega ɗaya ce a minti. Don haka bayanin jagora a ɗauke shi da murya a wayar malami ɗaya, a riƙe ta kamar kamu biyu daga bakinsa, bayan an nemi izininsa.

A sa wayoyin a alamar jirgin sama. A cikin gini mai kaurin bango waya na ta laluben sabis, wannan laluben ke zuƙe batir. Fawa bank mai lamba 10,000 kada a ɗauka zai cika waya mai 5,000 sau biyu, abin da ke isa wayar bai fi 6,000 zuwa 6,500 ba, sauran ya tafi wajen sauya ƙarfin wuta da zafi. Biyu masu kyau sun isa tafiyar, da igiya iri biyu, don tsofaffin wayoyi bakinsu daban ne.

Watannin Maris da Afrilu kada a bar waya a kan kujerar mota ko a rana. In ta yi zafi kyamara kan rufe kanta. A cire mata riga, a ajiye a inuwa minti goma, kada a sa ta caji tana cikin wannan hali.

Malamar kimiyya

Malam mai hoto ya yi gaskiya kan safiya, kuma akwai wani dalilin. Duk lambun da ke da manyan itatuwa, ko Gidan Zoo ne ko Millennium Park a Abuja, darasin lissafi da kimiyya ne a tsaye, amma sai da inuwa mai tsawo. Kayan aiki: tef ɗin tela, igiya, sanda mai tsawon mita ɗaya. A auna kewayen itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a raba da 3.14 a samu kaurinsa. Kewaye santimita 157 ya ba da 50. Tsawo kuma, a kafa sandar a auna inuwarta, a auna inuwar itacen daga gindinsa a lokaci guda, a raba ta itacen da ta sandar. Inuwar itace mita 12, ta sanda 0.8, tsawon itace mita 15 ke nan. Da tsakar rana inuwar na ƙarƙashin rassa, lissafin ba ya yiwuwa.

Manhajojin gane tsiro irin su PlantNet da Seek suna taimakawa, amma sai an ba su hoton da ya dace. Hoton itace daga nesa ba ya gaya musu komai. A ɗauki ganye a kan farar takarda, sai ɓawo, sai fure ko 'ya'ya in akwai. Yara su fara rubuta sunan Hausa daga bakin mai kula da lambun, sannan a nemi na kimiyya. Kuka da tsamiya ba sa ba da wahala. Inda ake tuntuɓe shi ne darbejiya da maɗaci, dangi ɗaya ne, manhaja kan musanya su idan hoton bai fito ba. A sa yara su duba bakin ganyen: na darbejiya yana da haƙora kamar zarto, na maɗaci sumul yake. Amsar da manhaja ta fara bayarwa zato ce, a rubuta ta da fensir.

Mushe daga Yamai

Gaisuwa ga malamai. Mu nan ƴan lakwal gidan tarihi na Boubou Hama muke kai su, wanda aka buɗe tun 1959. Wuri ɗaya ne ya haɗa ɗakunan tarihi, dabbobi, ƙasusuwan dinoso, masu sana'ar hannu, da ragowar itacen Tenere, wanda yake tsaye shi kaɗai a hamada har mota ta kaɓe shi a 1973. Saboda faɗinsa, shawarar abu uku ga kowane rukuni ta fi zama dole a nan.

Bayanan da Faransanci suke. Wanda zai zo daga Najeriya ya sauke Faransanci a Google Translate tun yana gida inda rezo ke da kyau, ya gwada shi a alamar jirgin sama ya ga yana aiki. Fassarar ta isa a gane maganar, ba ta isa a kwafe cikin rahoto ba, sunayen wurare da na ƙabilu takan juya su wani abu dabam. Wajen maƙera da masu aikin fata kuma a bar waya a aljihu tukuna, a gaisa, a nemi izini. Mai sana'a ya fi sakin baki ga yaron da ya tambaye shi sunan kayan aikinsa.

Malamin kwamfuta

Rabin aikin yana lalacewa ne bayan an dawo. A kwashe hotuna a ranar, kafin wayoyi su koma hannun masu su. Xender ko Quick Share ba sa bukatar data. In ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, don in aka tura a matsayin hoto yana matse shi, ƙananan rubutu su dushe, lokacin ɗauka ma ya ɓace. Kowane rukuni folda guda, a sauya sunan hoto ya zama kamar rukuni3-sulke-1.

Rubutu a waya, a sa Hausa a Gboard, madannin rubutu na Google, danna d ko k ko b a riƙe zai fito da mai lanƙwasa. A WPS Office za a iya haɗa rahoton duka, amma a mayar da shi PDF kafin a kai shagon buga takardu. In aka kai shi yadda yake, kwamfutar shagon na iya rasa salon haruffan, duk ɗ da ƙ su koma akwatuna. Hoto biyu a shafi ya isa, a gwada shafi ɗaya baƙi da fari tukuna, hoton cikin soro yakan fito baƙi ƙirin.

Google Lens na kwafe rubutun boko daga hoto, yana rage wa yara wahalar bugawa.

Malamin tarihi

Malam, a nan ne ban bi ka ba. In yaro ya kwafe bayanin da Lens ya liƙa, me ya koya? Ni sharaɗina rahoto a fara shi da hannu daga takardar filin, sai malami ya sa hannu sannan a buga. Lens kuma ba a dogara da shi kan rubutun ajami, haka wajen gane kayan tarihi. A nuna masa tukunya ko kan mutum-mutumi na yumɓu, sai ya kawo wani mai kama da shi daga wata ƙasa. Wanda ya kai yara gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya san kayan Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, sai an karanta bayanin gefensu.

ChatGPT da ire-irensa sun fi haɗari, domin in ba su san abu ba ba sa yin shiru. Ka tambaye su wani soro a Gidan Makama, za su ba ka shekara da sunan magini cikin kyakkyawar Hausa, alhali ƙage ne. Duk shekara ko suna da zai shiga rahoto, yaro ya nuna inda ya samo shi: hoton bayanin, muryar jagora da mintin da ya faɗa, ko littafin aji.

Malamin kwamfuta

Na yarda da rubutun hannu tukuna, ranka ya daɗe. Lens ɗin a bar shi ga malami, don duba ko yara sun kwafi sunaye daidai.

Hajiya, ƙungiyar iyaye da malamai

Malamai, ku tuna wayoyin nan na mutane ne. Akwai saƙon banki a ciki, akwai hotunan iyali. A Android akwai saitin da ke kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, yana ƙarƙashin tsaro, in an kunna shi yaro ba zai fita daga kyamara ba sai da lambar sirri. A manna takarda mai lambar rukuni a bayan kowace waya, a ƙirga su wajen shiga mota da wajen sauka.

Takardar izinin iyaye ta ƙunshi layi daban kan hoto. Akwai gidajen da suka yarda 'yarsu ta je amma ba su yarda fuskarta ta hau Facebook ba, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye kan bayanan yaro. Hoton da za a wallafa a ɗauke shi daga baya, ko hannuwa da abin da ake aunawa, kuma sai an dawo gida.

Malamar ƙaramar sakandare, Kano

Allah ya saka da alheri, mun juya tsarin, zoo da safe. Saura maki: yaya ake rabawa kada mai babbar waya ya cinye?

Malamar kimiyya

Kada ki ba kyawun hoto maki ko ɗaya, Malama. Cikin ashirin, takwas ga takardar filin da aka cike a wurin, da awo da zane. Shida ga rahoton, kowace magana da inda aka samo ta. Biyu ga cikar hotuna uku-uku, in dai rubutun na karantuwa. Huɗun da suka rage na tambayar baki ne: ki ɗaga hoto ɗaya a aji, ki zaɓi kowane yaro daga rukunin, ba wanda suka tura ba, ya yi bayaninsa minti ɗaya ba takarda a hannunsa. Ki sanar da su wannan tun kafin a hau mota.