Ɗalibaina sun haddace manɗiƙi, amma ba sa gano hujja a rubutu

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a wata Islamiyya, kuma ina bin tsohon tsarin nan: nahawu, sai manɗiƙi (ilimin tsara hujja), sai balaga. Muna karanta Sullamu, littafin manɗiƙi a baitoci, na Shehu Abdurrahman Ahalari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wannan dai mai littafin ibadar da kowa ya sani.

Yaran sun haddace baitocin tsaf. Ka tambaye su ƙiyasi, wato hujjar da ake ginawa kan maganganu biyu (muƙaddima) a fitar da sakamako (natija), su jero maka ƙaramar muƙaddima da babba da natija ba gargada. Amma in na miƙa musu sharhin jarida na ce su fito min da hujjar marubucin, sai aji ya yi tsit. Shi marubuci ai ba ya jera hujjarsa layi uku, yakan haɗiye muƙaddima ɗaya. Misali: "gero ya yi tsada bayan rufe boda, ashe rufewar ce sanadi." Ba wanda ya lura an ɗauka cewa duk abin da ya riga wani faruwa shi ya haddasa shi, alhali ƙarancin damina ma na iya jawo tsadar.

Na sa su ja layi ƙarƙashin "saboda" da "don haka". Ya ɗan taimaka, sai dai ƙwararren marubuci sau da yawa ba ya amfani da su.

Shin in jingine baitocin tukuna, mu fara da gajerun rubuce-rubuce? Ko akwai atisayen da kuka gwada na tono ɓoyayyar muƙaddima? Allah ya saka da alheri.