Shin zaurukan mata ma'aikatan laburare a Amurka ware kai ne?

Malam Habu: Jama'a, ni fa ban gamsu ba. Ma'aikatan laburare da ba farar fata ba a Amurka, mata a kan gaba, sun buɗe zauruka da wuraren wallafa nasu na kansu, kamar We Here da Jennifer Ferretti ta fara a Facebook a 2016, wanda farar fata ba ya shiga. Mai kukan an ware shi, shi ne kuma zai ware kansa? Su kai rubutunsu manyan mujallu a fafata da su.

Anti Ladi: Malam, daga nesa kake hango abin. Ƙididdigar da ALA, ƙungiyar laburarori ta Amurka, ta fitar a 2012 ta nuna kashi 88 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan laburare farar fata ne. Inda nake aiki ni kaɗai ce baƙa. Mutum zai same ni a teburina ya ce in kira masa ma'aikaciyar. Duk kwamitin da ya shafi launin fata ni ake turawa, ba ƙarin ko sisi. Wa zan faɗa wa ya gane ba sai na yi ta bayani ba? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Malam Habu: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Amma ai Carla Hayden, baƙar fata ce, ta babbar ƙofa ta shiga ta shugabanci Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 2016.

Hajiya Binta: An kuma sauke ta a watan Mayun 2025, Malam. Ƙofar ma ba da kanta ta buɗe ba. Sai da E. J. Josey da abokansa suka kafa ƙungiyar baƙaƙe a cikin ALA a 1970, sannan Clara Stanton Jones ta zama baƙa ta farko da ta shugabanci ALA a 1976. Ka duba Dorothy Porter, baƙar fata ma'aikaciyar laburare a Jami'ar Howard. Ta tarar laburarori masu bin tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi suna cusa littattafan baƙar fata a lamba biyu kawai, 326 ta bauta da 325 ta mulkin mallaka, ko da littafin waƙoƙi ne. Ita ta sake jera su, waƙa wajen waƙa, tarihi wajen tarihi. Abin yana sosa min rai duk lokacin da na tuna. Da ta zauna jiran a ba ta izini fa?

Zainab: Umma, ku yi min afuwa, akwai inda nake tare da Malam. Maƙalar Fobazi Ettarh ta 2018, kan yadda ake tsarkake aikin laburare har ma'aikaci ya ji kunyar neman haƙƙinsa, a mujallar kowa da kowa ta fito, kuma ta zaga ko'ina. Sannan wa ke biyan matan zaurukan nan da ke tace rubutu da dare bayan sun tashi aiki? In kwamitin ƙarin girma ya ƙi ƙirga abin da aka wallafa a can, wa ya yi asara?

Anti Ladi: Wannan kam gaskiyarki, Zainab, ya taɓa faruwa da ni. Amma rubutuna na farko wata babbar mujalla ta dawo min da shi, wai labarin kaina ne, ba bincike ba. 'Yan'uwa mata uku suka zauna da ni layi-layi har ya miƙe. Na biyun shi na kai babbar mujalla, aka karɓa.

Malam Habu: To ashe dai can ɗin kika koma.

Anti Ladi: Na koma, Malam, kuma har gobe ina tura wa matan nan rubutuna kafin kowa ya gani. Yanzu haka akwai na wata ƙanwa guda biyu a hannuna da zan duba kafin Juma'a.