Na canza kwamfuta, yaya zan kwaso bukmak ɗina?

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na samu sabuwar laftof, tsohuwar kuma ƙanwata zan ba. Takarduna duk na kwashe su a filash, saura bukmak, wato adireshin shafukan intanet da na ajiye a cikin Chrome. Na daɗe ina tara su, kowanne da foldarsa, na darasi daban, na mujallun bincike daban. Na duba Documents ban ga alamarsu ba. Ta ina ake ɗauko su?

Sagir: Wa alaikumus salam Malama. Ba za ki gan su a Documents ba, burauza can take ɓoye su a nata wurin. Ki buɗe Chrome a tsohuwar, ki danna Ctrl da Shift da O a tare, shafin kula da bukmak zai buɗe. A sama ta hannun dama akwai ɗigo uku. Ki lura, ɗigo ukun kashi biyu ne: akwai na can ƙololuwa na burauzar kanta, akwai na cikin shafin, ƙasa da shi kaɗan. Na cikin shafin za ki danna, ki zaɓi Export bookmarks. Zai ba ki fayil guda ɗaya mai ƙarewa da .html, sunansa bookmarks haɗe da kwanan watan ranar. Ki sa shi a filash. A sabuwar ki bi hanyar nan dai, sai dai Import bookmarks za ki zaɓa. Foldojin za su zo yadda kika jera su.

Nura: Yaya Sagir, duk wannan zagayen na mene ne? Malama, ki shiga Chrome da asusunki na Google a tsohuwar, ki kunna sink, wato tsarin da ke daidaita bayananki tsakanin na'urori. Ki shiga da shi a sabuwar. Shi ke nan. Bukmak da tarihin shafuka da kalmomin sirri duk za su sauko da kansu, har waya ma za ki gan su.

Alhaji Tukur: Nura ɗana, abin da ka faɗa yana aiki, ban musa ba. Amma kada Malama ta ɗauka ta yi ajiya don ta kunna sink. Aikinsa shi ne ya mai da na'urorinka iri ɗaya, kamar madubi yake: abin da ka yi a nan shi zai nuna a can. Ka ƙara shafi a laftof, ya fito a waya. Ka goge folda a waya, ta ɓace a laftof, kuma ba zai tsaya tambayarka ko da gangan ka yi ba. Yaro ya ɗauki wayarka yana latse-latse, foldar shekara da shekaru ta tafi a ko'ina lokaci guda. Fayil ɗin da Sagir ya ce a fitar kuwa, da zarar ya shiga filash babu abin da zai same shi sai in filash ɗin ne ya lalace. Ni duka biyun nake yi: sink don sauƙin yau da kullum, fayil don ko-ta-kwana.

Nura: Ranka ya daɗe, ai in ka goge abu da kuskure a shafin bukmak, Ctrl da Z yana dawo da shi.

Alhaji Tukur: In ka lura nan take. In sai bayan wata guda ka je neman foldar fa?

Hauwa'u: Malama Rabi, tun da kin ce ƙanwarki za ki ba tsohuwar, ga abin da ya fi komai muhimmanci a wajenki. In kika kunna sink ɗin nan, kada ki kuskura ki zauna kina goge bukmak ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar don ki share mata wuri. Duk abin da kika goge a can, a sabuwar ma zai goge. Ki fara fitar da fayil ɗin HTML. Ki tabbatar komai ya iso sabuwar. Sannan a tsohuwar ki fita daga asusunki tukuna, ki cire furofayil ɗinki, wato ɓangaren da ke riƙe da bayananki, gaba ɗaya daga Chrome. Cire furofayil a kwamfuta ɗaya ba ya taɓa abin da ke cikin asusun.

Malama Rabi: Kai, madalla da wannan, Hauwa'u. Kalmomin sirri fa, suna cikin fayil ɗin nan ne? Don ina tunanin tura wa kaina ta imel.

Sagir: A'a, babu kalmar sirri ko ɗaya a ciki. Sunayen shafuka ne da adireshinsu da foldoji da lokacin da aka ajiye kowanne, sai 'yan ƙananan hotunan tambarin shafi. Ki danna shi sau biyu ma ki gani, zai buɗe a burauza kamar dogon jerin mahaɗai, kowanne in kin danna zai kai ki. Kalmomin sirri hanyarsu daban, fayil ɗin CSV ake fitar da su, kuma shi wannan a fili yake ƙarara, duk wanda ya buɗe zai karanta. Shi kam kada ki tura ta imel, kuma da kin gama shigar da shi ki goge. Na bukmak ba laifi, amma shi ma ba abin rabawa ba ne, don wasu adireshin na takardun Google Docs ne da makamantansu waɗanda duk mai mahaɗin zai iya buɗewa.

Bello: Ni kuma tawa ta sha bamban. Laftof ɗin ba ta tashi sam, ban kunna sink ba, ban fitar da komai ba. An ciro mini had-disk ɗin, an sa shi a 'yar akwatin nan mai USB, yana buɗewa a wata kwamfutar. Akwai dabara?

Sagir: Akwai, kuma ba ta da wuya. Ka shiga had-disk ɗin, ka bi Users, sunanka, AppData, Local, Google, Chrome, User Data, sannan Default. AppData ɓoyayyiyar folda ce, sai ka sa Windows ya nuna ɓoyayyun abubuwa kafin ka gan ta. A cikin Default za ka ga fayil mai suna Bookmarks, haka kawai, ba shi da wani .txt ko .html a ƙarshe. Shi ne dukiyar. In mutum fiye da ɗaya ke amfani da Chrome ɗin, ka duba Profile 1 da Profile 2 su ma, kowanne da nasa. A sabuwar kwamfutar ka rufe Chrome ruf, ka je wannan wurin dai, ka canza wa nata Bookmarks ɗin suna don kada ka danne shi, ka ajiye naka a madadinsa, ka buɗe. In ka rasa inda foldar take, rubuta chrome://version a wurin adireshi, zai nuna maka hanyar furofayil ɗin.

Kusa da shi za ka ga wani Bookmarks.bak. Kwafi ɗaya tak ne na baya, kuma Chrome yana sabunta shi idan an buɗe burauzar. Saboda haka duk wanda bukmak ɗinsa suka ɓace, kafin ya yi ta rufewa yana buɗewa wai ko za su dawo, ya fara kwafe wannan fayil ɗin gefe.

Hauwa'u: A nan ne Firefox ya fi burge ni. Shi da kansa yake ajiye kwafi, har 15 na baya-bayan nan, a wata folda mai suna bookmarkbackups cikin furofayil. Ka danna Ctrl da Shift da O, ka shiga Import and Backup, sannan Restore, za ka ga kwanakin a jere, ka zaɓi wanda kake so. Amma a kiyaye: Restore yana share abin da ke nan ne ya maye gurbinsa da na ranar da ka zaɓa. Shigar da HTML kuwa ƙari yake yi a kan na da. Mutane suna rikita biyun nan sosai. Daga Firefox zuwa Firefox, fayil ɗin JSON na Backup ya fi, don komai yake ɗaukowa. In za ka tsallaka zuwa Chrome ko Edge, HTML ne kawai suke ganewa, kuma kalmomin alama (tags) da ka maƙala wa shafuka a Firefox ba za su fito ba, Chrome ba shi da wannan tsarin.

Bello, da Firefox kake amfani, places.sqlite za ka nema, bukmak da tarihi duk a cikinsa suke.

Nura: Anti Hauwa'u, ai Firefox ma yana da nasa sink ɗin.

Hauwa'u: Yana da shi, kuma a kulle yake, kalmar sirrinka ce makullin. Illar ita ce in ka manta ta, ka sake sabuwa ba tare da makullin ceto da suke bayarwa ba, abin da ke sabarsu zai share. In akwai wata na'ura da ke riƙe da bukmak ɗin, za ta sake ɗora su. In babu, an yi asara. Wanda kwamfutarsa ɗaya ce ta mutu, ya kuma manta kalmar sirri, shi ne abin ke ritsawa da shi.

Malam Isiyaku: Tambayata a gefe take. Edge nake amfani da shi a wurin aiki, Firefox a gida. Sink ɗin wannan ba ya magana da na wancan. Akwai abin da zai haɗa su?

Sagir: Edge tun 2020 a kan Chromium aka gina shi, tushe ɗaya da Chrome, don haka fitarwa da shigarwa kusan iri ɗaya ne, Favorites kawai yake kiran su. In kuma haɗi na dindindin kake so, duba Floccus. Ƙarin manhaja ce da ake sa wa burauza, kyauta, tana daidaita bukmak tsakanin burauzoji daban-daban ta hanyar ma'ajiyarka ta intanet, kamar Google Drive ko Nextcloud ko WebDAV. Akwai kuma Raindrop.io, shi a nasu shafin ake tara komai. Amma Malam, kwamfutar ofis ce, ka tambayi masu kula da ita kafin ka sa wani abu. Wasu wuraren ma sun toshe hanyar.

Alhaji Tukur: Ba na hana kowa, amma a tuna da na baya. Xmarks shi ne gwanin wannan aikin a zamaninsa, aka rufe shi a 2018. Google Bookmarks, wanda daban yake da bukmak na cikin Chrome, aka rufe shi a 2021. Pocket na Mozilla ya bi su a 2025. Duk sun ba da sanarwa, sun ba da lokacin kwashe kaya, amma wanda bai duba imel ɗinsa ba fa? Duk manhajar da za ka zaɓa, Malam Isiyaku, fara duba ko tana da hanyar fitarwa zuwa HTML kafin ka zuba mata kayanka. Abin mamaki, wannan tsarin fayil ɗin tun zamanin Netscape yake, shekarun 1990. Ku buɗe shi da Notepad ku duba layin farko, har yau NETSCAPE-Bookmark-file-1 ke rubuce. Burauzar da ta ƙirƙiro shi ta daɗe da shuɗewa, amma Chrome da Firefox da Edge da Safari duk suna karanta shi.

Zainab: Ni a waya nawa suke, Chrome na Android. Na duba ko'ina ban ga Export ba.

Nura: Babu shi a waya. Nan kam dole sai sink, Alhaji ya yi haƙuri. Ki kunna a wayar, ki shiga da asusun a kwamfuta, za su fito cikin folda mai suna Mobile bookmarks, daga nan ki fitar. In ba ki da kwamfuta a kusa, ki shiga Google Takeout, ki zaɓi Chrome kaɗai, za su haɗa miki fayil ɗin bukmak ki sauke. Shi ma abin da ya riga ya hau asusun kawai zai ba ki. Kuma in kwamfutar aro ce, kada ki manta ki cire asusunki bayan kin gama.

Alhaji Tukur: Na yi haƙuri. Tun da dai a ƙarshe fayil za ta fitar.

Bello: Yaya Sagir, na samu fayil ɗin a Profile 1, Default ɗin kusan wayam yake. Sun dawo duka, Allah ya saka da alheri. Sai dai da yawa in na danna, shafin ya ce babu shi.

Sagir: Wannan ba daga kwafin ba ne. Bukmak adireshi kawai yake riƙewa, ba ya ajiye abin da ke cikin shafin. In masu shafin sun sauke shi ko sun canza masa wuri, adireshin ya zama fanko. Ka kwafi adireshin ka liƙa a Wayback Machine na Internet Archive, sau da yawa akwai tsohon hotonsa a can. Gaba kuma, duk shafin da ka san ba za ka so rasa shi ba, danna Ctrl da P ka ajiye shi a matsayin PDF.

Malam Isiyaku: Na shigar da na Edge cikin Firefox, yanzu wasu sun zama bibbiyu. Ko na yi ba daidai ba ne?

Hauwa'u: Haka yake yi, shigarwa ba ta duba ko kana da shafin tun da, ƙarawa kawai take. In ka shigar da fayil ɗin sau biyu, sau biyu za su zo. A Chrome da sauƙi, in akwai bukmak a ciki tun farko, sababbin a folda ɗaya mai suna Imported yake zuba su, sai ka goge foldar ka sake. A Firefox, in ba ka ƙara wani abu ba tun lokacin, yi Restore zuwa kwafin jiya, ka sake shigarwa sau ɗaya, sannan ka jera su bisa suna a cikin Library, wato shafin kula da bukmak na Firefox, masu kama da juna za su zo kusa da kusa ka cire. Akwai ƙarin manhajoji masu tsince maimaici, amma sai ka ba su izinin karantawa da canza bukmak ɗinka duka, don haka ka fitar da HTML ka ajiye gefe kafin ka bar kowacce ta fara sharewa.