"Wannan ma alheri ne": a bakin wa ta dace?

Tela Mai Layi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Sati biyu ke nan da gobara ta cinye shagona, kekunan ɗinki uku da yadikan mutane na biki. Yayana ya zo jaje, ina tsaye ina tona toka ko zan samu almakashina, sai ya ce wai Yahudawa na da wata magana, "wannan ma alheri ne". Wallahi raina ya ɓaci, na ce masa ya riƙe alherinsa ya ba ni rance. Tun ranar gaisuwarmu sama-sama ce. Don Allah maganar nan ana faɗa wa mutum ita tun wuta ba ta huce ba?

Uwar Biyu: Allah ya mayar maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Ai mu ma muna da ita, wani hani ga Allah baiwa ne. Yaya bai faɗi ƙarya ba, lokaci ne bai duba ba.

Malam Na Ajin Tarihi: Tela, maganar tana cikin Talmud, littafin koyarwar malaman Yahudawa, da harshensu "gam zu letoba". Mai ita wani malami ne, Nahum, wanda har aka yi masa laƙabi da ita, kuma shi ya koyar da Rabbi (wato malam) Akiba shekara 22. Sun ce an aiki Nahum wurin Kaisar na Rum da akwatin duwatsu masu daraja, a masauki aka sace aka cika masa da ƙasa, ya ce wannan ma alheri ne. Amma a duba wanda ke magana. A ƙarshen rayuwarsa makaho ne, ba hannu ba ƙafa, jiki duk gyambo, ƙafafun gadonsa a cikin kwanukan ruwa don kada tururuwa su hau shi. A kan wahalar kansa yake faɗa. Su ɗin dai sun yi hani da a yi wa mutum ta'aziyya gawar mamacinsa na kwance a gabansa, kuma a zaman makokinsu na kwana 7 baƙo ba ya fara magana sai mai rashi ya buɗe baki.

Baƙon Kumasi: Ni ban yarda da wannan bambancin ba, Malam. In mutum na cikin rami, wa zai tuna masa in ba na waje ba?

Malam Na Ajin Tarihi: Akwai wannan ma. Rabbi Yohanan ya kwanta ciwo, Rabbi Hanina ya tambaye shi ko yana son wahalar nan, Yohanan ya ce ba ya son ta, ba ya son ladanta. Sai Hanina ya ce ba ni hannunka, ya tashe shi. Suka ce ɗaurarre ba ya kwance kansa daga kurkuku. Hannu aka miƙa masa, ba a yi masa wa'azi ba.

Jikar Damagaram: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. A farin 1973 suna wani ƙauye arewa da Zinder. Shanun mijinta suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, har aka koma tona gidan tururuwa ana neman tsaba. Tana da ɗan tulu cike da irin gero, ta liƙe bakinsa da laka ta binne a ƙarƙashin gadonta, ko mijin bai sani ba. Yara na kuka da dare, ita tana kwance a kan tulun. Autarta ta rasu a wannan rani. Da ruwa ya sauka ta tono shi, suka shuka, gidaje huɗu suka samu iri daga tulun nan. Har ta tsufa mutane na ce mata Inna, ashe ɓoyon nan alheri ne. Ba ta taɓa amsawa da eh ba. Sai ta ce gero ya tashi, ita tana jiran ranar da yarinyar za ta tashi. Ina ƙarama nakan ga ta ɗebi gero a tafin hannu tana kallo kafin ta zuba a turmi, ban gane ba sai da na girma na haihu.

Uwar Biyu: Innalillahi. Kin sa ni hawaye, 'yar'uwa. Allah ya haɗa su a Aljanna.

Malam Na Ajin Tarihi: Amin. Da aka tambayi Rabbi Meyir ko matattu za su tashi da tufafi, da ƙwayar alkama ya ba da amsa: ana binne ta tsirara, ta fito da riguna. Suna kuma cewa akwai ɗan ƙashi a gadon baya mai suna luz da ba ya ruɓewa, daga shi za a sake gina mutum. Mai karatun hadisi ya san irinsa, ajbuz zanab, wato ƙashin ƙarshen gadon baya.

Ɗan Achaba: In tashi bayan mutuwa kuke nema ku zo mazaɓarmu. Wani ya shekara uku ko wayarsa ba ta shiga, yanzu ga shi ya tashi da buhunan shinkafa, hotonsa a jiki.

Baƙon Kumasi: Namu cewa ya yi tsadar mai ma alheri ce, a ƙara haƙuri. Shi kuwa motarsa ba ta taɓa tsayawa a layi ba.

Uwar Biyu: Ku daina, ana maganar gaske. Tela, akwai keken ɗinki Butterfly a ɗakina tun na aure, bel kawai take so. Ka turo yaro.

Tela Mai Layi: Allah ya saka, Hajiya, gobe da safe. Amma Jikar Damagaram, tulun nan yana nan har yanzu?

Jikar Damagaram: Yana wurin kawuna, gishiri ake zubawa a ciki. Mun sha rigima a kan wa zai gaje shi.

Baƙon Kumasi: Ni dai har yanzu ina bayan Yaya.