Inda za a je tafiyar ƙafa a wajen Landan idan ba a da mota

Bakatsine: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata takwas ke nan da zuwana Landan karatu, kuma ban san ko'ina ba ban da ɗakina da makaranta da masallaci. Yanzu iyalina sun iso, ga yaronmu ɗan shekara shida ya gaji da zaman gida. Ina neman shawararku a kan wurin da za mu hau jirgin ƙasa da safe, mu taka da ƙafa a karkara ko a bakin teku, mu dawo kafin dare.

Basakkwace: Wa alaikumus salam, Malam. Idan za ka je wuri ɗaya tak a wannan shekara, to ka je Seven Sisters, wato tsaunukan farin alli da suka yi wa teku katanga tsakanin Seaford da Eastbourne. Daga tashar Victoria ake hawa, a sauya jirgi a Lewes, a sauka Seaford cikin kusan sa'a ɗaya da rabi. Daga nan ka bi gaɓar teku ka nufi gabas har Eastbourne, kimanin kilomita 22, inda za ka sami jirgin da zai dawo da kai Victoria kai tsaye. A hanya za ka wuce Beachy Head mai tsayin mita 162, wanda babu gaɓar alli da ta kai shi tsayi a Birtaniya, za ka kuma ga tsohuwar hasumiyar fitila ta Belle Tout, wadda aka tura ta baya da mita 17 a shekarar 1999 saboda teku ya ci ƙasar da ke gabanta.

Bazazzagiya: Yaya Basakkwace, wurin yana da kyau kamar yadda ka faɗa, amma ka manta da cewa Malam ya ambaci yaro ɗan shekara shida. Kilomita 22 ɗin nan ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce, hawa ne da gangara ɗaya bayan ɗaya, har sai gwiwar babba ma ta fara rawa. Mu da muka je bara da yara, mun tsaya a kan sashen farko kawai. Mun tashi daga Seaford, muka hau tudun da ke bayan garin, muka gangaro zuwa bakin kogin Cuckmere, kuma daga nan ne ma ake ganin tsaunukan a jere gaba ɗaya, abin da wanda ke tafiya a kansu ba ya gani. Babu gada a bakin kogin, saboda haka muka bi gefensa zuwa gadar Exceat, muka hau bas mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Eastbourne. Abin da nake roƙon maiɗakinka shi ne kada ta saki hannun yaron, domin a mafi yawan wuraren babu shinge, kuma alli yana zaftarewa ba tare da wata alama ba. Duk hoton da sai an matsa baki za a ɗauke shi, a haƙura da shi.

Basakkwace: Kin yi gaskiya, Hajiya, ni da abokai na je, ban yi lissafin yara ba.

Dattijo: 'Ya'yana, ni da na shekara talatin a ƙasar nan shawarata ita ce a fara da ƙarami. Ku hau jirgi a Fenchurch Street zuwa Benfleet, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba, ku bi ta cikin makiyaya zuwa Leigh-on-Sea, inda kogin Thames yake buɗewa ya shiga teku. A tsakiyar hanya akwai kangon fadar Hadleigh, ginin ƙarni na 13, a kan wani tudu, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Yara suna son wurin saboda akwai filin gudu, manya kuma suna samun inda za su shimfiɗa tabarma su ci guzuri. A tsohon garin Leigh ana sayar da kifi da dankali a bakin ruwa, amma ka tambayi mai shago irin man da yake suya da shi da abin da ya kwaɓa fulawar da shi, domin wasu da giya suke kwaɓawa. Ba zan ce wurin ya kai Seven Sisters ƙayatarwa ba, kuma idan ruwa ya janye laka za ku tarar maimakon teku, amma za ku dawo gida da sauran ƙarfinku.

'Yar Maradi: Baba ya kawo shawara mai kyau. Ga wanda ya fi son daji da tudu kuma akwai Box Hill a Surrey, wanda ake sauka a tashar Box Hill and Westhumble bayan tafiyar kusan minti 50 daga Landan. A gindin tudun akwai duwatsun da aka jera a cikin kogin Mole ana tsallakawa a kansu, sannan matakala sama da 200 zuwa ƙololuwa. Bayan ruwan sama kogin kan shanye duwatsun, sai a bi ta ƙaramar gadar da ke kusa.

Bakano: Ni Dover zan ambata, ko da ba don wannan karon ba. Jirgi mai sauri daga St Pancras yana kai mutum Dover Priory cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna, sai dai tikitinsa ya fi na sauran tsada, kuma daga tashar zuwa kan tsaunin farin alli da ke bakin teku akwai tafiya mai gundura ta cikin gari da gefen tashar jiragen ruwa. Da zarar ka hau, idan gari ya yi haske, za ka hangi Faransa a ƙetare, nisan kusan kilomita 33. Ranar da na je wayata ta kama layin Faransa, agogonta ya ƙara sa'a ɗaya ban sani ba, na yi ta sauri ina zaton jirgina zai tafi ya bar ni, har na isa tasha ina haki na tarar da sauran lokaci mai yawa.

Bakatsine: Na gode ƙwarai. Yaya batun kuɗin jirgi da kuma salla a hanya?

Bazazzagiya: Ka sayi Network Railcard, wanda yake rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti a yankin kudu maso gabas, gare ka da manya har uku da ke tare da kai, yaron ma yana samun rangwame. A ranakun aiki sai daga ƙarfe 10 na safe yake aiki, amma Asabar da Lahadi babu wannan ƙa'ida. Ka duba jadawali tun daren jajibiri, domin a ƙarshen mako ake yawan gyaran layin dogo, sai a sauke fasinjoji a zuba su a bas, tafiyar sa'a ɗaya ta koma biyu.

Dattijo: Salla ba ta da wuya. Ka riƙe gorar ruwa ta alwala daban da ta sha, ka sa sallaya mara nauyi a jaka, alƙibla kuwa kudu maso gabas take daga nan. Sai dai ka kauce daga kan hanya, kuma ka guji filin da shanu suke da 'yan maruƙa. Yawancin hanyoyin nan sun ratsa gonakin mutane ne, doka ce ta ba kowa izinin wucewa ta kan turbar kaɗai, saboda haka kada yaro ya shiga shuka, kuma duk ƙyauren da kuka buɗe ku mayar da shi yadda kuka same shi. Ku ɗauki rigar ruwa ko da rana ta fito. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, amma a watan Disamba kafin ƙarfe 4 ta faɗi, wanda ya sa nake cewa a yi tafiyar teku tun kafin kaka ta wuce.

Bakatsine: To mun tsayar da Benfleet zuwa Leigh a wannan Asabar in Allah ya yarda, idan yaron ya jure sai mu gwada Seaford zuwa Exceat a watan gobe. Baba, idan kana da sarari, za mu yi farin ciki ka zo ka nuna mana hanya.

Dattijo: Allah ya kai mu. Mu haɗu a ƙofar Fenchurch Street ƙarfe 9, kuma ka gaya wa maiɗakinka kada yaron ya sa sabon takalmi.