Kuɗin littafin kwas ɗin nutso: a sayi na hannu ko a biya sabo?

Ɗalibin Alƙahira ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son yin kwas ɗin farko na nutso da tukunyar iska a garin Dahab na ƙasar Masar, bakin Bahar Maliya, idan an yi hutu. Na tuntuɓi cibiyoyi uku, kowacce da nata lissafin. Ta farko ta ce kuɗin kwas daban, kuɗin littafi da katin shaida daban. Ta biyu ta ce in fara biyan karatun PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar nutso, ta intanet tukuna, kuma kuɗin ya haura dala 200 tun ban taɓa ruwa ba. Ta uku ta wata ƙungiyar ce mai suna SSI, ta ce karatun yana cikin manhajar waya kuma an haɗa shi cikin kuɗin kwas. Ga kuma wani yana sayar da tsohon littafin PADI da jadawalinsa na lissafin lokacin zama a ƙarƙashin ruwa da araha sosai. Me ake saya da wannan kuɗi haka? Mai tsadar ya fi inganci ne? Kuma na hannun zai yi?

Mai Horar da Nutso ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na hannun ba zai yi ba, kuma zan faɗi dalili. Abin da kake biya ba takarda da tawada ba ne kawai. Ƙa'idar PADI ita ce kowane ɗalibi ya mallaki nasa kayan karatun na yanzu, ko littafi ko na intanet, kafin malami ya yi masa rajistar shaida. Littafin kashi 5 ne, kowane kashi da tambayoyin bita a ƙarshensa da ɗalibi zai cike da hannunsa, malami ya duba. A littafin hannu za ka tarar an riga an cike su, ko an yage shafukan. Ban da haka, an sabunta kwas ɗin wajen 2014, aka ƙara abubuwa kamar tsara nutso da kwamfutar hannu, wadda ke auna zurfi da lokaci, da hura alamar da ke nuna wa jirgin ruwa inda mai nutso yake. Bugun da ya girmi wannan babu su a ciki. Ƙarshenta ka sayi na hannu, ka je cibiya a ce sai ka sayi sabo, ka biya sau biyu.

Game da cibiyoyin nan uku, kada ka kwatanta kuɗin da suka rubuta a talla. Ka nemi kowacce ta rubuto maka jimillar abin da zai fita daga aljihunka har ranar da shaidarka za ta fito: kayan karatu, kuɗin rajista, hayar kayan nutso na dukan kwanakin, mota ko jirgi zuwa wurin nutso, da haraji idan akwai. Karatun intanet na PADI galibi kuɗin rajista yana cikinsa, shi ya sa yake da tsada a ido. Wanda ya sayi littafin takarda kuwa, sau da yawa ana cajinsa rajistar daban. Idan ka haɗa, tazarar takan ragu ƙwarai. Ka tambaya kuma ko shaidar ta waya ce kawai, domin katin roba a wurare da dama sai an ƙara kuɗi, alhali ta wayar ta wadatar.

Inda inganci yake da gaske shi ne cikin ruwa. Kwas ɗin farko na PADI, wato Open Water Diver, ya ƙunshi darasi 5 a ruwa mai natsuwa marar zurfi, sannan nutso 4 a teku: biyun farko ba sa wuce mita 12, biyun ƙarshe ba sa wuce mita 18. Za ka yi ninƙaya ta mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da tabarau da bututun numfashi da takalman iyo, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10. Jarrabawar ƙarshe tambaya 50 ce, ana cin ta da kashi 75 cikin ɗari. Kwana 3 zuwa 4 ake yi. Ƙa'ida ta yarda malami ɗaya ya shiga teku da ɗalibai har 8, amma wannan iyaka ce, ba abin nema ba. Cibiyar da ke haɗa mutum 3 ko 4 da malami ɗaya ta fi wadda ta rage maka kuɗin littafi ta cusa ku 8, domin a cikin taro ne ake barin ɗalibi ya yi cire tabarau da mayarwa sau ɗaya tak a durƙushe a ce ya iya.

'Yar Bahar Maliya ta amsa:

Malam ya yi bayani, amma bai taɓa cibiya ta uku ba, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da aljihun ɗalibi. SSI ba ƙaramar ƙungiya ba ce, tun 1970 take, PADI kuma tun 1966. Matakin farko na dukansu yana bin mizanin ƙasa da ƙasa na ISO 24801-2, wato mai nutson da zai iya fita da abokin nutsonsa ba tare da malami ba, kuma zurfin da suke ba da izini ɗaya ne, mita 18. Babu cibiyar kirki a Masar ko Jidda ko Port Sudan da za ta ƙi ba ka tukunya don katinka na SSI ne. Za ka iya ma yin matakin farko a wannan, na gaba a waccan.

Bambancin kuɗin daga tsarin kasuwancinsu yake. SSI ta cibiya take sayar da karatunta, cibiyar ta buɗe maka shi a manhajar MySSI, ka sauke a waya ka karanta ko babu intanet. PADI kuma tana sayar wa ɗalibi kai tsaye a shafinta, kuma a nan farashin ya fi tsauri. Shi ya sa ko PADI za ka yi, tambayi cibiyar ko za ta ba ka lambar shiga karatun daga wajenta, sau da yawa ya fi sauƙi.

Wajen kyawun kayan, gaskiya bidiyoyin PADI da tsarin darussanta sun fi gogewa, ana bin su daki-daki. Amma abin da za ka sani a ƙarshe iri ɗaya ne. Babu na Hausa a cikinsu, saboda haka ka zaɓi harshen da ka fi ganewa tsakanin Turanci da Larabci da Faransanci, kuma ka tabbatar malamin yana jin wannan harshen. Ka duba kuma cewa cibiyar tana da rajista da CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a Masar.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Ni damuwata jadawalin nan ne da aka ce za a haɗa maka da tsohon littafi. Jadawalin PADI, mai suna RDP, iri biyu ne: na ƙafa da na mita. Wanda aka buga don Amurka da ƙafa yake, a Masar kuwa ma'aunin zurfi da mita yake aiki, na matsin iska kuma da bar. A na mita, iyakar zama a mita 18 minti 56 ce, a mita 30 minti 20, a mita 12 minti 147. Wanda ya riƙe na ƙafa ya ga 40, ya ɗauka mita ce, ya karanta lokacin da ya shafi kusan mita 12, zai zauna a ƙasa ninkin abin da jikinsa zai ɗauka. Haka kuma ba a haɗa jadawalin wata ƙungiya da na wata. Harafin da ke nuna ragowar naitirojin, wato iskar da ke taruwa a jiki yayin nutso, bayan nutson farko, ma'anarsa a wannan daban, a wancan daban.

Yanzu malamai da yawa kwamfutar hannu kawai suke koyarwa, su tsallake jadawali, kuma ƙa'ida ta yarda. Ni dai ina ba ka shawara ka roƙi a koya maka shi ko na awa ɗaya ne. Shi ke sa mutum ya ga da idonsa yadda lokaci ke zaftarewa idan zurfi ya ƙaru, kuma ya gane dalilin hutawa a sama tsakanin nutso biyu.

Ga yadda za ka auna kowane littafi. Idan ka gama shi ya kamata ka iya wannan lissafin ba tare da ka duba ba. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara bar 1 a kan wanda ke saman ruwa, to a mita 18 matsin bar 2.8 ne. Tukunya mai lita 12 da aka cika bar 200 tana da iska lita 2,400. Ana barin bar 50 a matsayin ajiya, saura lita 1,800. Sabon mai nutso da ke shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 18 lita 56 zai riƙa sha, wato iskarsa minti 32 kawai za ta kai, tun kafin ya kusanci minti 56 na jadawali. Ya kamata kuma ka iya bayyana me ya sa ba a riƙe numfashi yayin tasowa: daga mita 10 zuwa sama iskar da ke cikin huhu ninkuwa take yi biyu, kuma huhu na iya fashewa ko a zurfin da bai kai haka ba. Sai tsayuwar minti 3 a mita 5 kafin fitowa. Wanda ya danna bidiyo yana wucewa don ya kai ga jarrabawa, ko nawa ya biya, waɗannan ba za su zauna masa ba.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Ɗan uwa, kafin ka biya ko sisi, ka sauke takardar tambayoyin lafiyar mai nutso, kyauta ce, ka cike ta da gaskiya. Kuɗin karatun intanet ba kasafai ake mayarwa ba idan an riga an buɗe shi, kuma mutane kan biya tukuna sannan su gano likita ba zai sa musu hannu ba. Asma, farfaɗiya, ciwon suga, ciwon zuciya, tiyatar kunne ko ta huhu, duk suna bukatar ganin likita. Abin da ya fi shafarmu shi ne sikila. Mai SS ba a ba shi shawarar nutso sam, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska suna tayar da ciwon. Mai AS ya faɗa wa likitan da ya san harkar nutso, ya bar shi ya yanke hukunci. Mura ma ba abin rainawa ba ce: idan hanci ya toshe kunne ba zai daidaitu ba, kuma dodon kunne na iya tsagewa a 'yan mitocin farko.

Ɗalibin Alƙahira ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar na hannun. Idan na gama karatun a Alƙahira yanzu amma tafiyar ta jinkirta, zai lalace? Kuma muna da niyyar hawa Dutsen Sinai washegarin gama kwas.

Mai Horar da Nutso ya amsa:

A tsarin PADI kana da wata 12 tsakanin gama wani ɓangare na horo da ci gaba da sauran. Idan ya wuce sai an maimaita. Amma kada ka bari tazarar ta yi tsawo, mako 2 zuwa 3 kafin tafiya ya fi, kuma idan ka isa malami zai yi maka gajeriyar jarrabawar bita kafin ku shiga ruwa.

Hawan dutsen kuwa ka sauya masa rana. Tsayinsa mita 2,285 ne, kuma ga jikin da ya cika da naitirojin, hawa can daidai yake da shiga jirgin sama, domin matsin iska yana raguwa a sama. Bayan nutso ɗaya ana jira aƙalla awa 12, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere aƙalla awa 18, kuma masu tafiyar dutsen da dare suke tashi daga Dahab don su riski fitowar rana a sama, wato 'yan awoyi kaɗan bayan nutsonka na huɗu. Ko dai ku hau dutsen kafin a fara kwas, ko ku bar cikakken yini ɗaya a tsakani.